Motar da Ke Tsayar da Titi: Tarihin Bas ɗin 'Yan Makaranta a Amurka

Da wuya mutum ya zauna jarrabawar lasisin tuƙi a Amurka, ko a wace jiha ce cikin hamsin ɗin, ya tashi bai gamu da tambaya a kan bas ɗin 'yan makaranta ba. Amsar kuwa kusan guda ce ko'ina. Idan doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa ta tsaya, jajayen fitilunta suna walƙiya, allon tsayawa mai kusurwa takwas ya buɗe daga gefenta na hagu, to kai ma sai ka taka birki, ko kana bayanta ko kana fuskantarta. Direban tirela zai tsaya, attajiri zai tsaya, likitan da ya makara ma zai tsaya, har sai yaron ƙarshe ya tsallaka an naɗe allon. Irin waɗannan motoci sun doshi 480,000, yaran da suke ɗauka a kowace ranar karatu kuma sun haura miliyan 20. Kowace ɗaya daga cikinsu tana yawo da ikon rufe titi a duk inda ta tsaya ɗaukar yaro ko sauke shi.

Babu wata rana guda da aka zauna aka ba ta wannan iko. Kaɗan-kaɗan aka tara shi, jiha bayan jiha, kuma sau da yawa sai an binne yara ake ƙara wani abu.

A ƙarni na 19 yaron ƙauyen Amurka da ƙafa yake zuwa makaranta. Makarantar ɗaki guda ce, malama guda, manya da ƙanana duk a haɗe, kuma ana gina ta ne daidai nisan da ƙafar yaro za ta iya ɗauka. Har wajen 1920 irin waɗannan makarantu sun kusa 200,000. Masu tsara ilimi ba su so su ba. Suka dage a rufe su a gina manya, masu aji-aji da malami ga kowane fanni. Manoma kuwa tambaya guda suka riƙe: in an kai makaranta nesa, wa zai kai yaron? Jihar Masachusets ce ta fara amsawa a 1869, da dokar da ta halatta a ɗebi kuɗin jama'a a yi jigilar ɗalibai. Kafin 1919 duk jihohi 48 na wancan zamani sun yi irin tasu. Daga nan haɗe makarantu ya kankama. Gundumomin ilimi da suka haura 127,000 a 1932 sun koma ƙasa da 18,000 a 1971. Kowace makarantar ƙauye da aka rufe, yaranta aka tura bakin titi su jira mota.

Da farko ma ba mota ba ce. Keken doki ne mai rumfa, da benci biyu a jikin bango, yara suna fuskantar juna. Kamfanin Wayne Works na garin Richmond a jihar Indiyana yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera su tun ƙarshen ƙarni na 19. Ta baya ake shiga, don kada hayaniyar yara ta firgita dawakai, kuma ƙofar bayan nan ba ta ɓace ba: ita ce ta zama ƙofar tserewa in haɗari ya auku. Da injin ya zo sai aka riƙa ɗora wannan akwatin katako a kan gindin babbar mota. A 1927 wani dillalin motocin Ford a jihar Jojiya, Albert Luce, ya ƙera jikin bas da aka ƙarfafa da ƙarfe a kan gindin Model T, don kada gargadar hanyoyin karkara ta wargaza shi. Daga nan kamfanin Blue Bird ya samo asali, motar kuma tana ajiye yau a gidan tarihin Henry Ford da ke Mishigan.

A zamanin doki tsallaka hanya ba abin tsoro ba ne. Mota ce ta sauya lissafi. A tsakiyar shekarun 1920 haɗarin mota yana kashe sama da mutum 20,000 a shekara a Amurka, kafin 1937 adadin ya haura 37,000, kuma masu tafiya a ƙasa suna da yawa a ciki. Yaron da ya sauka daga bas a hanyar karkara yana fitowa ne daga bayan wani abu da ya rufe shi ruf. Direban da ke tahowa ba ya ganinsa, shi ma ba ya ganin direban, kuma hankalinsa yana kan gida.

Sai dai tsayawar da ta fara girgiza ƙasar ta bas ɗin kanta ce. Ranar 1 ga Disamba, 1938, a kudancin birnin Salt Lake na jihar Yuta, wata bas ɗauke da ɗaliban sakandaren Jordan ta iso mararrabar layin dogo ana tsaka da zubar dusar ƙanƙara. Direban ya tsaya, kamar yadda doka ta ce, ya duba, bai ga komai ba, ya hau layin. Jirgin ƙasa na kaya da ya makara ya yi awon gaba da motar. Ɗalibai 23 da direban suka rasu. Abin da aka koya a nan shi ne ido kaɗai ba ya wadatarwa idan gilashi ya yi hazo. Shi ya sa har gobe direban bas ɗin makaranta a Amurka yake tsayawa a layin dogo, ya buɗe ƙofa da tagarsa, ya sa yara su yi shiru, ya saurara, ko da kuwa rana tsaka ce babu alamar jirgi.

Wata huɗu bayan haka aka yi taron da ya fi kowane tasiri a wannan tarihi. Frank Cyr ɗan karkarar Nebraska ne da ya zama farfesa a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolumbiya a New York, kuma ilimin karkara ne fanninsa. Ya zagaya jihohi yana duba abin da ake kai yara makaranta da shi. Ya ga manyan motocin kaya da aka jera wa benci. A Kansas ya tarar da gundumar da ke loda yara a amalanken ɗaukar alkama. Wata gundumar kuma ta fente motocinta da ja da fari da shuɗi, launin tutar ƙasa, wai don a cusa wa yara kishin ƙasa. Masu ƙera motoci su ma sun gaji, domin kowace jiha da irin awon da take nema, ba dama a ƙera da yawa a lokaci guda farashi ya sauka.

A Afrilun 1939, da tallafin dala 5,000 daga asusun Rockefeller, Cyr ya tara wakilan jihohi 48 da injiniyoyin Ford da Chevrolet da Dodge da International Harvester da masana fenti na DuPont. Kwana bakwai suka yi suna muhawara, suka fito da ƙa'idoji 44: tsawon mota, tsayin rufi, faɗin hanyar tsakiyar kujeru, da sauransu. Yawancinsu an sake su tun tuni. Wadda ta zauna daram ita ce ta launi. An rataye launuka iri-iri a bango, daga ruwan lemun tsami zuwa mai duhu da ya kusa ja, aka zaɓi ruwan ɗorawa mai ɗan ja-ja, saboda baƙin rubutu yana fitowa sarai a kansa da duku-dukun asuba da kuma gab da magariba, lokutan da motar ta fi zama a hanya. Fentin farko da sinadarin dalma aka haɗa shi, wanda daga baya aka gane guba ce ga ƙwaƙwalwar yara aka cire. Abin dariya abin takaici, an zaɓi launi don kare yaro da fentin da ke cutar da yaro.

A ganina, a nan ne dokar tsayawa ta sami ƙafar takawa, ko da yake taron bai yi wata doka ba kuma ba shi da ikon yi. Ba zai yiwu a ce wa direba ya tsaya wa motar makaranta ba alhali bai iya rarrabe ta da motar kaya daga nesa. Sai da aka sami launi guda daga gabas zuwa yamma sannan alƙali ya iya ce wa mai laifi: ka gan ta, ka san ta. Jihohi da yawa sun karɓi launin nan take, wasu suka ja ƙafa. Minisota ta riƙe nata ruwan lemo har 1974.

Kafin tsakiyar shekarun 1940 yawancin jihohi sun kafa dokar a tsaya wa bas idan tana ɗauka ko sauke yara. Nan take wata matsala ta ɓullo. Ta yaya na baya zai san ko sauke yara take yi, ko lalacewa ta yi, ko direban ne ya tsaya kawai? Aka fara sa mata fitilun gargaɗi, Bajiniya tana cikin na farko a 1946. A shekarun 1950 aka ƙara allon da direba ke turawa waje daga gefen hagu. Sai kuma direbobi suka yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya, cewa jar fitila tana kunnuwa ne ba zato, mai gudu ba ya samun tazarar birki. Aka ƙara fitilu masu ruwan ɗorawa da ake kunnawa tun da sauran 'yar tafiya kafin tasha. Haka aka kai ga fitilu takwas na yanzu, huɗu a gaba huɗu a baya, motar ta zama danja mai tafiya da kanta.

Ya kamata a faɗi wani abu a nan, don kada a ɗauka kowane yaro ne ya amfana. Doka tana kare yaron da ke da bas ne kawai. A 1947, a gundumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu, akwai bas kusan 30 na yaran farar fata, babu ko ɗaya na baƙaƙe, waɗanda wasunsu ke tafiyar mil tara a ƙasa zuwa makaranta. Wani manomi, Levi Pearson, ya shigar da ƙara yana neman mota, da goyon bayan wani limamin coci, Joseph DeLaine. Kotu ta kori ƙarar a 1948 bisa hujjar cewa ba a wannan gundumar ilimi yake biyan haraji ba. Iyayen ba su haƙura ba. Ƙarar da suka sake shigarwa, ta Briggs da Elliott, ta zama ɗaya daga cikin biyar ɗin da Kotun Ƙoli ta haɗa ta yanke hukuncin 1954 da ya haramta wariyar launin fata a makarantu. Daga roƙon bas guda abin ya faro.

Gwamnatin tarayya ta shigo a makare. Dokokin kiyaye haɗura na 1966 ne suka ba ta ikon gindaya wa masu ƙera motoci sharuɗɗa. A 1974 majalisa ta umarci a yi na bas ɗin makaranta musamman, suka fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1977: rufi mai ƙarfi da ba zai lotse ba in mota ta kife, kujeru masu dogon baya da laushi, a jere kusa da juna. Allon tsayawa kuwa bai zama dole a kan kowace sabuwar bas ba sai 1 ga Satumba, 1992, shekara 53 bayan taron Cyr.

Gyaran cikin mota ya yi aiki ƙwarai, har ya bayyana cewa haɗarin ya fi yawa a waje. Tun 1970 jihar Kansas take tattara alƙaluman yaran da ke mutuwa a faɗin ƙasar wajen hawa da sauka. A shekarun farko sukan kai gomomi a shekara, kuma abin da ya fi ɗaga hankali shi ne da yawansu ba baƙuwar mota ce ta buge su ba, bas ɗinsu ce. Yaro ɗan shekara biyar ya sunkuya ɗaukar takardar da ta faɗi a gaban bamba, direba a can sama ba ya ganinsa. Daga nan aka kawo madubai masu ƙusumbi a goshin mota da ke nuna ƙasan gabanta, da wata doguwar sanda da ke buɗewa daga bamba ta tilasta wa yaro yin nisa kafin ya tsallaka. Ana koya wa yara cewa ƙafa 10 kewaye da motar, wato kimanin mita 3, wurin haɗari ne. Kalifoniya ta zarce kowa: direba ne zai kashe injin, ya cire makulli, ya sauka da allo a hannu, ya tsaya tsakiyar titi har ƙananan yara su tsallaka. A shekarun baya-bayan nan mace-macen sukan tsaya ƙasa da goma a yawancin shekaru.

Tarayya tana da iko a kan yadda ake ƙera motar, amma dokar tuƙi ta jiha ce, kuma a nan ne ruɗanin yake. Kowa ya yarda a kan hanya mai layi biyu kowa zai tsaya. Saɓanin yana kan manyan hanyoyi. A New York dole mai tahowa daga ɗaya ɓangaren ya tsaya ko da akwai shinge a tsakanin tagwayen hanyoyin. A Ohayo, in hanya ta kai layi huɗu, mai fuskantar bas ya wuce abinsa. A jihar Washinton layi uku ma ya isa. Hukunci ma haka: tarar dala 250 zuwa 400 a karon farko a New York, dala 500 zuwa 1,250 a Teksas, a Fensilbaniya kuma bayan tarar dala 250 za a karɓe lasisi na kwana 60. Direban da ya ƙetare iyakar jiha zai iya zama mai laifi da abin da ya halatta mil guda a baya.

Ba duk duniya ce ta bi wannan hanya ba. Kanada ta bi: a Ontariyo ana tsayawa mita 20 a bayan motar, a Kebek fiye da mita 5. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta ɗauka, da tarar dirhami 1,000. Jamus kuwa cewa ta yi idan bas ta tsaya a tasha da fitilun haɗari a kunne, a wuce ta amma da saurin tafiyar ƙafa. A Niyuzilan kilomita 20 a awa ne iyaka. Birtaniya ba ta tilasta tsayawa wa bas ba. A ƙasashen nan abin da ake koya wa yaro shi ne ya jira motar ta tafi, titi ya buɗe, sannan ya tsallaka. Amurka ta ɗauke nauyin daga kan yaro ta ɗora wa babba, kuma wannan zaɓi ne mai kyau a wajen adalci, domin ba a neman ɗan shekara shida ya auna gudun mota. Amma akwai alkawari a cikinsa. An ce wa yaro: in ka ga ja, titi naka ne. Yaro kuwa yana gaskata abin da manya suka faɗa masa.

Sau nawa ake saɓa alkawarin? Tun 2011 ƙungiyar daraktocin sufurin ɗalibai na jihohi take ware rana guda a shekara, direbobi su ƙirga motocin da suka wuce su ba bisa doka ba. A 2019 direbobi sama da 130,000 a jihohi 39 sun ƙirga motoci fiye da 95,000 a wannan rana tak. Wasu ma ta dama suke bi, ta gefen ƙofar da yara ke sauka. Ɗan sanda ba zai bi kowace bas ba, direba kuma ba zai iya lura da yara yana rubuta lambar mota ba. Sai aka koma ga kyamara da ake maƙalawa kusa da allon, ta ɗauki lamba, a aika wa mai motar takardar tara har gida. Jihohi sama da 20 sun halatta hakan, New York ta shiga a 2019.

Inda tara take kuwa kuɗi yake. A Dalas ta Teksas, hukumar da ke tafiyar da bas ɗin makarantun yankin ta ƙulla yarjejeniyar kyamarori da kamfanin Force Multiplier Solutions, aka yi alkawarin kuɗin shiga masu yawa. Maimakon haka hukumar ta nutse cikin bashi, har masu zaɓe suka rushe ta a Nuwamban 2017. Bincike ya gano shugabanta, Rick Sorrells, ya karɓi cin hancin sama da dala miliyan 3, aka ɗaure shi shekara bakwai. Mataimakin magajin garin Dalas, Dwaine Caraway, shi ma ya amsa laifi a wannan badaƙala a 2018, aka yanke masa wata 56. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: masu biyan haraji aka bari da bashin. Wannan bai sa kyamara ta zama abin banza ba, amma ya ba masu cewa tatsar jama'a ake yi hujjar da har yau suke kafawa.

Kyamara kuma bayan an wuce take aiki. Da asubahin 30 ga Oktoba, 2018, kusa da garin Rochester a Indiyana, wata bas ta tsaya a kan babbar hanyar jiha mai lamba 25, inda aka halatta gudun mil 55 a awa. Gari bai gama wayewa ba. Fitilu suna walƙiya, allo a buɗe, komai yadda doka ta tsara. Yaran suna wancan ɓangaren titi, a bakin wata unguwa ta gidajen tafi-da-gidanka, don haka sai sun tsallaka. Wata a-kori-kura da ke tahowa daga gaba ba ta tsaya ba. Yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu, tagwaye maza masu shekara 6 da yayarsu mai shekara 9, na huɗu ya ji munanan raunuka. Matar da ke tuƙin ta ce ta ga fitilu amma ba ta gane bas ce ba sai da yaran suka bayyana a gabanta. An same ta da laifin kisa ta hanyar ganganci a 2019, aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu.

Hukumar binciken haɗura ta ƙasa ta ɗora laifin farko a kan direbar, amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce tsarin da ya sa yara tsallaka hanya mai irin wannan gudu cikin duhu shi ma yana da hannu. Gundumar makarantar ta mayar da tashar cikin unguwar, bas ta riƙa shiga har ciki. A 2019 majalisar Indiyana ta tsananta hukuncin wuce bas, ta buɗe ƙofa ga kyamarori, ta wajabta wa gundumomi su riƙa sake duba hanyoyin motocinsu kowace shekara. Ta kuma hana a sa yaro ya tsallaka babbar hanyar jiha ko ta tarayya a wajen gari don hawa ko sauka daga bas, sai in babu wata hanya mafi aminci. 'Yar majalisar wakilai ta yankin a lokacin, Jackie Walorski, ta kai batun birnin Washinton, kuma dokar ayyukan raya ƙasa ta 2021 ta umarci ma'aikatar sufuri ta bincika dokokin jihohi duka a kan wuce bas ɗin makaranta, ta fitar da waɗanda suka fi aiki.